Yadda Ake Farautar Ɓoyayyen Akwati a Hanyoyin Duwatsun Wayomin, Kusa da Kaburburan Matafiyan Farko

Wasan da Turawa ke kira geocaching ba shi da wuyar bayani. Wani ya ɗauki ɗan akwati ko gwangwani, ya sa ƙaramin littafi da 'yan tarkace a ciki, ya ɓoye shi a wani wuri, ya rubuta lambobin GPS na wurin a intanet. Kai kuma ka ɗauki lambobin, ka bi sawu har ka gano shi, ka rubuta sunanka a littafin, ka mayar da shi yadda ka same shi. Ni ina kiransa farautar ɓoyayyen akwati. Ya samo asali ne a watan Mayu na 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Kafin nan na'ura kan iya kauce wa wuri da kusan mita 100. Dare ɗaya kuskuren ya koma 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin. Yau akwatunan sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Neman akwati a lambun shaƙatawa na cikin gari wasan yara ne. Abin da nake so in koya maka a nan daban yake: shiga hanyoyin burji na kan duwatsu a yammacin jihar Wayomin ta Amurka, inda babu sabis na waya, inda za ka yi awa biyu ba ka haɗu da mota ba, kuma inda sau da yawa abin da ya ja mai akwatin zuwa wurin kabari ne na wani matafiyi da ya rasu shekara 160 da suka wuce. Tafiya ce mai buƙatar shiri, kuma mai buƙatar ladabi.

Ka fara sanin inda za ka

Tsakanin shekarun 1840 da 1860 dubun dubatar mutane sun ƙetara Amurka daga gabas zuwa yamma da kekunan shanu, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, wata biyar zuwa shida a hanya. Wasu Oregon suka nufa don gona, wasu Kalifoniya don zinariya, mabiya ɗariƙar Mormon kuma Yuta. Kusan dukkansu ta mashigar South Pass da ke Wayomin suka bi, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 2,250 daga doron teku. Cutar kwalara ce ta fi cin rayuka, sai haɗarin keke, nutsewa a kogi, da haihuwa a kan hanya. Yawancin kaburburan sun ɓace, don ana binne mutum da safe ne ayari ya wuce kafin rana ta take.

Wurare biyu nake ba da shawara ga mai farawa. Na farko Rock Creek Hollow, kudu maso gabas da ƙauyen Atlantic City. A watan Oktoba na 1856 dusar ƙanƙara ta rutsa da ayarin 'yan Mormon da James Willie ya jagoranta, mutanen da amalanke suke ja da hannu. Bayan sun haura tudun Rocky Ridge cikin sanyi da yunwa, mutum 13 suka rasu aka binne su a rami ɗaya, wasu biyu suka bi bayansu kafin ayarin ya tashi. Na biyu shi ne kabarin Elizabeth Paul a kan tsohuwar Hanyar Lander, cikin gandun dajin Bridger-Teton, ana shiga ta hanyar rafin LaBarge. Frederick Lander ne ya jagoranci aikin wannan hanya a 1858 da kuɗin gwamnatin tarayya, ta ratsa ƙasar ƙabilar Shoshone, don matafiya su samu ruwa da ciyawa da itace maimakon busasshen fili. Elizabeth ta rasu a can cikin Yuli 1862 wajen haihuwa, jaririyar ma ba ta daɗe ba ta bi ta. Kabarin na nan ƙarƙashin bishiyar fayin, da shinge kewaye da shi.

Duk wanda ya taso yana jin labarin kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka cika a hanya aka binne su inda ba mai ziyara, zai gane nauyin irin wannan wuri ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na farko: aikin gida, kwana biyu kafin tafiya

Ka buɗe asusu a shafin geocaching.com, ka sauke manhajarsu ta Geocaching a waya. Asusun kyauta yana nuna wasu akwatuna ne kawai a manhajar. Na kuɗi shi ke ba ka damar ganin masu wuya da kuma adana jeri don amfani ba tare da intanet ba. Ga wannan tafiya, adanawar ita ce komai. Ka matsar da taswira zuwa yankin da ka zaɓa, ka ga akwatunan da ke bakin hanyar, ka zaɓi uku zuwa biyar. Kada ka yi haɗama. Kilomita 40 a burjin dutse ya kan ci awa biyu.

Kowane akwati yana da maki biyu, daga tauraro 1 zuwa 5: ɗaya na wuyar ganowa, ɗaya na wuyar ƙasa. Tauraro 5 a ƙasa yana nufin sai da kayan aiki na musamman, kamar igiyar hawa ko kwale-kwale. A karon farko ka tsaya a 3 ko ƙasa da haka. Ka duba girma ma: akwai ƙanana kamar kan yatsa, akwai manya irin akwatin ƙarfe na harsasai da sojoji suka daina amfani da shi. A daji manyan sun fi daɗin nema.

Inda ya kamata ka ɓata lokaci sosai shi ne rahotannin waɗanda suka riga ka zuwa. Ka karanta aƙalla goma na ƙarshe. Yaushe aka gan shi na ƙarshe? Idan shekara biyu ke nan ba wanda ya same shi, kuma mutum uku a jere sun rubuta DNF, wato sun nema ba su gani ba, to wataƙila ruwa ya tafi da shi ko dabba ta ja shi. Cikin rahotannin nan ne kuma mutane ke faɗin abin da taswira ba ta faɗi: an kulle ƙofa a wuri kaza, gada ta karye, ƙaramar mota ba za ta wuce rafi ba. Ka ɗauki hoton allon wayarka na kowane shafi, sannan ka kwafe lambobin a takarda da biro. Waya tana mutuwa, takarda ba ta mutuwa.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Lambobin wasan ana rubuta su ne da digiri da minti da ɓurɓushin minti, bisa ma'aunin taswira da ake kira WGS84. Wasu manhajojin taswira kuma digiri da ɓurɓushinsa kawai suke nunawa. Digiri 42 da minti 30 ba ɗaya yake da 42.30 ba, shi 42.5 ne. Bambancin ya kai kilomita 22. Ka tabbata na'urarka da takardarka yare ɗaya suke yi. Lambar ƙarshe a jerin, kowane ɗaya da ta motsa, kusan mita biyu ne a ƙasa ta fuskar kudu da arewa, don haka kuskuren biro a lamba ta uku daga ƙarshe zai kai ka wani kwari daban.

Mataki na biyu: ƙasar waye, kuma an yarda ka shiga?

Yammacin Amurka tabarma ce mai launi-launi: nan na hukumar gandun daji ta tarayya, can na hukumar BLM mai kula da filayen gwamnati, tsakaninsu gonar kiwo ta wani mutum. A Wayomin alhakin sanin iyaka a kanka yake, ko da babu allo. Hukumar gandun daji tana da taswira ta kyauta mai suna MVUM, wadda ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi da watannin da suke buɗe. Ka sauke ta ko ka karɓi ta takarda a ofishinsu na yankin, ka kuma tambayi ma'aikacin halin da hanyar ke ciki a wannan makon. Kiran waya na minti biyar ya sha ceton mutane daga kwana a daji. Rock Creek Hollow kuwa a hannun cocin Mormon yake, suna karɓar baƙi, amma wurin tunawa da mamata ne a wurinsu, ka bi abin da allunansu suka ce.

Lokacin zuwa gajere ne. Hanyoyin sama da mita 2,500 dusar ƙanƙara kan rufe su har cikin Yuni, ta kuma dawo a Oktoba, wani lokaci a Satumba. Yuli da Agusta su ne damarka. Idan ka shiga Satumba, lokacin farautar manyan dabbobi ya kama, ka sa riga mai launin lemo mai haske don maharba su gan ka daga nesa.

Mataki na uku: mota da kaya

Tsayin cikin mota daga ƙasa ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Jif ko a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ita ce daidai. Idan ta haya ce, ka karanta yarjejeniyar, don kamfanonin haya da yawa sun hana shiga burji kuma inshora ba za ta biya ba. Ka duba safaya da idonka, ka tabbata akwai iska a cikinta, jak da sifana suna nan. Ka ƙara shebur, igiyar jan mota, famfon taya mai aiki da batir, da ɗan zarto, saboda bishiya kan faɗi ta tare hanya bayan ka riga ka wuce ciki. Ka cika tanki a gari na ƙarshe, ka raba man uku a ranka: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na abin da ba ka sani ba.

Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a yini, da ƙarin na kwana ɗaya. Bargo da rigar sanyi ko da Agusta ne, don dare a can kan iya sauka har ruwa ya daskare. Tocila, fawa-bank, akwatin agajin gaggawa, kamfas, biro biyu, safar hannu ta fata. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach ta cancanci kuɗinta; wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama ma suna iya kiran agaji ta tauraro, amma ka gwada tsarin tun kana gida. Wannan daji akwai beyar, baƙa da kuma babbar da ake kira girizli. Ka sayi feshin barkono na korar beyar a can, don ba a shiga jirgi da shi, ka rataya shi a ƙugu, ba cikin jaka ba.

Kafin ka tada mota, ka rubuta wa wani amintacce sunan hanyar, lambobin akwatunan, launin motarka da lambarta, da sa'ar da idan bai ji ka ba ya kira ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gundumar. Ka kuma tsaya a kan abin da ka rubuta. Wanda ya canza hanya a tsakiyar tafiya ya mayar da masu nemansa makafi.

Mataki na huɗu: tuƙi

Ka fita da asuba. A damina ta can hadari kan haɗu ne bayan azahar, ya zo da tsawa, kuma kan tudu ba wurin tsayuwa ba ne idan ana walƙiya. Ka yi nufin gama neman ka juyo kafin ƙarfe biyu. Idan tsawa ta riske ka, ka shiga mota ka rufe gilashi, ka jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe.

Ƙasar wasu hanyoyin yumɓu ce da ake kira bentonait. Idan ta bushe kamar siminti take. Ruwan minti goma ya isa ya mayar da ita kamar miyar kuɓewa, ta cika zanen taya, sitiyari ya daina jin magana ko da mota mai jan ƙafa huɗu ce. Na taɓa shiga wannan hali a wata gangara: ƙafata a kan birki, motar tana tafiya a karkace a hankali zuwa bakin rami, ni da abokin tafiyata babu mai cewa uffan. Wani dutse ne ya tare tayar baya. Awa uku muka zauna har rana da iska suka busar da saman hanyar, muka fita lafiya. Tun daga ranar, idan na ga hadari ya yi baƙi a yamma, juyawa nake yi, ko da saura kilomita ɗaya in isa.

A siririyar hanya mai hawa shi ke da haƙƙin wucewa, mai gangarowa ya koma da baya zuwa inda ya yi faɗi. Wajen sauka ka sa ƙaramin giya, ka bar inji ya riƙe motar, kada birki ya yi zafi ya sake. Rafi kuwa, ka sauka ka auna zurfinsa da sanda tukuna. Ƙofar shingen shanu yadda ka same ta haka za ka bar ta: a rufe, ka rufe, a buɗe, ka bar ta a buɗe, mai dabbobin yana da dalilinsa. Kada ka bi kibiyar waya mai nuna inda akwati yake ka sauka daga hanya da mota. Kibiya layi miƙaƙƙe take nunawa, ba ta san kwazazzabo ba, kuma a wurare da dama sawun kekunan shanun nan na asali yana nan a ƙasa har yau, tayar mota ɗaya tana iya lalata abin da ya jure shekara 160. Ka faka inda ba ka tare hanya ba kuma ba kan busasshiyar ciyawa ba, don zafin salansa yana tada gobara. Abu na ƙarshe kafin ka rufe ƙofa: ka adana lambobin inda motar take a na'urarka.

Mataki na biyar: kabari tukuna, akwati daga baya

Wannan ita ce ƙa'idata, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Idan ka isa, ka sa wayar a aljihu ka fara zuwa kabarin. Ka tsaya a wajen shinge, ka karanta allon, ka rage murya. Mu an koya mana tun muna yara cewa ba a taka kabari, ba a zama a kai, ba a shewa a maƙabarta, kuma wannan tarbiyya ba ta tsaya a kan iyakar ƙasa ko addinin mamaci ba. A kabarin Elizabeth Paul abin da ya fi taɓa ni shi ne shirun wurin: iska a cikin ganyen fayin, ƙarar rafi can ƙasa, sai tunanin mijin da ya ɗora yara a keke ya ci gaba da tafiya yamma ya bar matarsa a nan.

Sanin ƙa'idojin wasan zai hana ka ɓarna. Ba a binne akwati a ƙasa. Doka ce ta masu shirya wasan. Saboda haka duk abin da ya sa ka ji kana son tona ƙasa, to ka yi kuskuren wuri. Akwatin da aka ajiye bisa ƙa'ida ba zai kasance cikin shingen kabari ko ƙarƙashin duwatsunsa ba. Idan kibiya ta nuna ka cikin shingen, siginar ce ta kauce. Kada ka ɗaga dutse ko ɗaya daga tulin da ke kusa da kabari, don a irin waɗannan wurare tulin duwatsu kan iya zama wani kabarin da ba shi da suna; matafiyan kan jera duwatsu a kai don kada kyarkeci ya tone. Idan ka ga tsohuwar ƙusa, guntun ƙarfen keke ko fasasshen tangaran, ka ɗauki hoto ka bar shi. Dokar tarayya ta 1979 mai kare kayan tarihi ta hana ɗaukar irin waɗannan abubuwa da suka haura shekara 100 daga filin gwamnati, kuma akwai tara har da ɗauri.

Mataki na shida: neman kansa

Ka bi kibiya har ta ce saura mita 10, sai ka daina kallon waya. Cikin dogayen bishiyoyi ko kwari mai zurfi GPS kan kauce da mita 10 ko fiye, kuma na'urar mai ɓoyewar ma tana da nata kuskuren. Ka tsaya minti ɗaya lambobin su natsu, ka ajiye jakarka a nan ta zama tsakiya, ka riƙa zagaye kana faɗaɗawa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: da ni ne, ina zan sa shi? Gindin kututture, kogon bishiya, ƙarƙashin faɗaɗɗen gungume, tsagar dutse. Alamar da ta fi tona asiri ita ce abin da daji ba ya yi da kansa: sanduna huɗu a jere kai ɗaya, ɓawon itace a jingine kamar ƙofa. Ka fara zungura da sanda kafin ka sa hannu, da safar hannu, saboda a ƙananan wurare masu ɗumi akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya. Ka riƙa magana da ƙarfi daidai gwargwado idan ka yi nisa da kabarin ka shiga duhuwa, don beyar ta ji ka ta kauce. Tsayin wurin zai sa ka haki da wuri. Ka tafi a hankali, ka sha ruwa, idan kai ya fara sarawa da tashin zuciya ka sauko ƙasa.

Minti 20 ba ka gani ba, ka buɗe alamar taimako da mai akwatin ya bari. Minti 40, ka haƙura. Nacin da ya wuce haka shi ke sa mutum ya tattake tsirrai ya birkice duwatsu.

Idan ka same shi, ka lura da yadda yake kwance kafin ka taɓa. Ka buɗe, ka rubuta kwanan wata da sunan da kake amfani da shi a wasan. Idan ka ɗauki wani abu, ka sa wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Ni nakan sa ƙaramin maɓallin fata irin aikin dukawan Kano ko tsabar kuɗin gida. Banda abinci, banda turare da sabulu, duk abin da ke da ƙamshi zai kira dabba ta farfasa akwatin. Banda wuƙa, ashana da magani, don yara ma suna buɗewa. Idan ka ga wani abu mai ɗauke da lamba a jikin ƙarfe, irin wanda ake kira Travel Bug, ba kyauta ba ce: mai shi yana so ya yi yawo daga akwati zuwa akwati, kada ka ɗauka sai za ka kai shi gaba ka kuma rubuta a shafin. Ka goge bakin murfin, ka rufe har ya kama, ka mayar daidai wurinsa, ba inda kai kake ganin ya fi ba. Duk sharar da ka gani a hanyar komawa mota, gwangwanin lemo ko leda, ka tsinta.

Da ka sauko inda sabis ya dawo, saƙon farko na amintaccen nan ne, ka gaya masa ka fito. Sannan ka rubuta rahotonka a shafin akwatin, ka yi shi da cika: halin hanya, zurfin rafi, ko littafin ya jiƙe, ko shingen kabarin ya karye a wani gefe, wanda shi kuma ya kamata ka sanar da ofishin gandun daji. Idan ba ka samu ba, ka rubuta DNF ba tare da jin kunya ba, don da shi mai akwatin zai san lokaci ya yi da zai hau dutsen ya duba. Kada ka sa hoton da zai nuna maɓoyar. Da daddare kafin ka kwanta ka duba jikinka da kyau, bayan gwiwa, ƙugu da cikin gashi, saboda kaska.